Sai Wutsiya Ta Iso

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa da uwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya ciwon ƙafar da Inna ta ce yana taso miki idan kin daɗe a kan keken ɗinki? Allah ya sawwaƙe. Ni lafiyata lau, sai 'yar mura. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannuna na yi, kuma makarantar tawa ba ta yi nisa ba.

Ni ne autan Yayanki, wanda kika bari yana rarrafe. Ba ki san fuskata ba, ni ma ban san taki ba. Inna ta ce kakanku ɗaya da marigayi Baba, amma har ya rasu ba ya ce miki komai sai ƙanwata.

Saƙonki ya same ni, cewa mai gidan burodin layinku yana neman mai babur da zai riƙa kai masa burodi shaguna, kuma zai ajiye mini wurin har ƙarshen wata. Goggo, na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Don nan abin ya ɓaci. Ban daɗe da zuwa garin nan ba, ina fara gane tituna ke nan aka hana aikin babur gaba ɗaya, kamar ni ake jira.

Masu babur na tasharmu sun yi shawara za su taho garinku da baburansu, tunda can ba a hana ba, kuma sun yarda in biyo su. Jibi da asuba za mu tashi. An ce daga wannan bakin ƙasar ne zuwa wancan. Ni kuwa iyakar nisan da na taɓa yi a kan babur daga tasha ne zuwa bayan asibiti.

Jiya babbanmu, wanda ake ce wa Jagora, ya tara mu ya faɗi ƙa'idar tafiya. Shi ne a gaba. Na ƙarshe shi ake kira wutsiya, wani dattijo ne, Baba Mai Faci, shi ke ɗauke da sifanu da famfo da kayan facin taya, yana sa rigar ruwa rawaya ko rana ake yi. Idan aka zo inda hanya ta rabu, Jagora zai nuna wanda ke bin bayansa. Wanda aka nuna ya tsaya nan ya miƙa hannu, yana nuna wa na baya inda za a bi. Ba zai tashi ba sai wutsiya ta iso ta ƙwanƙwasa masa hular kwano. Jagora ya ce, "Ko ni na dawo na ce ka tashi, kada ka tashi. Wutsiya ce kaɗai ke tayar da mutum." Kuma ni yake kallo lokacin da ya faɗa.

Direban doguwar bas ɗin da ya kawo saƙonki ya ce hanyarmu ɗaya, zai riƙa ganin mu, in riƙa ba shi takarda. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Auta


Goggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gida. Muna hanya, lafiya lau, murar ma iska ta kwashe ta. Ina rubuta wannan a kan tankin babur a wani gidan mai, in kin ga layin ya karkace hannuna ne bai daina rawa ba. Ko kofin shayi na riƙe sai ya riƙa kaɗawa kamar injin yana ciki.

Ban san ƙasa tana da faɗi haka ba. Sai a yi ta tafiya ba gida ba mutum, sai kwalta tana tahowa kamar ana warware ta. Idan babbar mota ta wuce, iskarta ta ture ka gefe, sai ka ji hanjinka ya koma baya. Jiya zuma ta shigar mini cikin hula, na yi ta salati ban san lokacin da na tsaya ba. Wani a cikinmu, Dogo, ya ce, "Sabon Hannu, ka riƙe kan babur kamar ka kama ɓarawo. Sake shi, ba zai gudu ba, kana kansa." Sunan da suka sa mini ke nan, Sabon Hannu.

Baba Mai Faci ba ya yi mini dariya. Ya ce kada in kalli rami, in kalli inda nake so taya ta bi, don babur inda ido ya je nan yake zuwa. Na gwada, gaskiya ne. Amma na lura da wani abu da ban gaya wa kowa ba. Idan zai cire ƙusa daga taya sai ya kawo ta dab da hancinsa. Kuma da rana ta yi ƙasa sai ya matso ya manne wa fitilar bayan wanda ke gabansa, ita yake bi. Na tambaye shi ko idonsa lafiya, ya ce, "Idon ya ga abin da ya ishe shi, yanzu hutawa yake."

Yau aka fara nuna ni. Wata ƙaramar mararraba ce kusa da makaranta. Na tsaya na miƙa hannu, kowa yana wucewa yana danna mini hon, gabana sai faɗuwa yake kada in nuna ba daidai ba. Can sai ga rawayar riga. Ya zo ya ciro sifana ya buga mini a hula, ƙwas ƙwas, ya ce, "Tashi, ka yi aiki." Goggo, tunda na baro gida ba wanda ya ce na yi aiki sai yau.

An ce mun ci rabin hanya. Ki gaya wa mai burodi ina tafe, tun kafin wata ya mutu zai gan ni.

Ɗanki,
Auta


Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya. Zan taƙaita don bas ba ta daɗewa a nan.

Shekaranjiya ruwa ya kama mu, muka iso wata babbar mararraba ana tsuga shi. Ta dama faffaɗa ce, sabuwar kwalta, har da allo mai sunan garinku. Amma gadar da ke can gaba ruwa ya tafi da ita. Yanzu ta hagu ake bi, wata siririya mai ramuka. Ni ne ke bayan Jagora, ya nuna ni, na tsaya.

Kowa ya wuce. Dogo ne na ƙarshe da na gani, ya ɗaga murya ya ce tsoho yana baya, ya tsaya ɗaure sarƙar babur ɗinsa, yanzu zan gan shi. Na jira har la'asar. Na jira har magariba. Gari ya waye, ya sake wayewa. Ba rawayar riga.

Nan ba gari ba ne. Rumfar mai shayi ce, da wani gidan mai da ba ya da mai, da bishiya ɗaya. Mai shayin ya bar ni ina kwana a kan bencinsa, ina wanke masa kofuna idan hanya ta yi shiru. Duk motar da ta fito daga baya ina tsayar da ita in tambaya, ba wanda ya ga dattijo mai rawayar riga.

Ba zan iya tashi daga nan ba, Goggo. Hannuna na hagu har ya sandare, da ƙyar nake lanƙwasa shi. Idan 'yan tasharmu sun iso garinku, don Allah ki sa a nemo Jagora a gaya masa. Kada ki gaya wa Inna komai.

Auta


Ɗana Auta,

Wa alaikas salam. Mu nan lafiya, sai hankalina da ka tayar. Tun da direban nan ya miƙo mini takardarka ban ƙara sa zare a allura ba, rigar mutane tana nan rabi a ƙarƙashin keke.

Gaya mini gaskiya, faɗuwa ka yi? Ka ce ba za ka iya tashi ba, ka ce hannu ya sandare, ka ce kada a gaya wa uwarka. Kuma ga wani jan abu ya ɓata gefen takardar. Na kai hanci, na kai wa maigidan ya duba, ya ce ƙasa ce, na ce ƙasa ba ta yin wannan kalar. Na tsare direban da tambaya, ya ce shi dai ta taga ka miƙo masa, a tsaye ya gan ka. To ai mai karaya a hannu ma yana tsayuwa.

Idan rauni ne, ka bar babur ɗin wurin mai shayin ka hau bas ɗin nan, na riga na yi magana da direba. Ƙarfe ne, ba ya jin yunwa, a koma a ɗauko shi. Idan kuwa lafiyarka lau, to ban gane abin da kake yi a gindin bishiya ba. Dattijon nan da kake jira, shi da ya tsufa a kan hanya, kai da ka fito jiya ne za ka nuna masa gabas?

Mai burodi ya leƙo shagona jiya yana tambaya. Na ce kana hanya. Ya ce akwai ɗan ƙanwar matarsa da ke ta yi masa zarya, shi dai don ni ya yi shiru. Wata saura ƙiris, Auta. Ba kullum ake samun wurin da za a ajiye wa mutum aiki ba a san ko fuskarsa ba.

Na sa maka man zafi da 'yar rigar sanyi ta maigidan a cikin leda. Ka shafa, ka sa, ka taho.

Goggonki da ba ta yi barci ba,
wato Goggonka. Ka ga har hannuna ya rikice.


Goggo,

Na gode da rigar, ta yi mini yawa amma tana da ɗumi. Ina fata kin samu barci. Wallahi ban faɗi ba. Jan abin laka ce, ƙasar nan ja ce, har farcena ya rine. Hannun kuma miƙa shi da nake yi ne tun safe, shi ya sa ya sandare. Man ya taimaka.

Na gane ban yi bayani da kyau ba, bari in sake. Ba cewa nake Baba Mai Faci bai san hanya ba. Idonsa nake ji. Idan ya iso da rana tsaka, wataƙila ya gane. Idan ya iso rana ta yi ƙasa, ba fitilar kowa a gabansa, faffaɗar kwaltar nan ita zai gani, ita zai bi. Na tambayi mai shayi yadda bakin gadar yake, ya ce kwalta ce lafiyayya har inda ta ƙare, daga nan sai ruwa. An taɓa tare hanyar da ganguna, mutanen ƙauyukan gefen suka ture su don su ma nan suke bi.

Kin ce me ya sa ba zan koma in neme shi ba, ko ba ki ce ba, ni nake ta ce wa kaina. A baya ma hanya biyu ce take haɗuwa, ta cikin gari da ta bayan gari. In na bi ɗaya ya fito ta ɗaya, shi ke nan. Na roƙi mai shayi ya duba mini, ya ce shi da magariba yake rufewa, kuma idan yana zuba shayi ko giwa ce ta wuce ba ya gani. Na samu gawayi na yi kibiya a jikin allon, ruwa ya wanke.

Direbobi sun fara sani na. Wani ya ce gwamnati ta kafa sabon allo mai cin burodi. Wani in zai wuce sai ya miƙo nasa hannun ta taga yana kwaikwayo na. Mai shayi yana ce mini Ɗan Sanda. Ina dariya, amma idona yana kan hanya. Duk lokacin da na hango abu rawaya daga nesa sai in miƙe, sai in ga jarka ce a bayan keke.

Goggo, ina son aikin nan. Ina kwana ina lissafa shagunan da ban taɓa gani ba. Ki roƙar mini shi ya ƙara kwana kaɗan. Kuma Jagora fa, an same shi?

Ɗanki,
Auta


Auta,

Muna lafiya. Na gode wa Allah da ba jini ba ne. Yanzu da hankalina ya kwanta, bari in yi faɗan da na ajiye.

Na rufe shago da kaina na je tashar da mutanenku suka sauka, da wannan ƙafar tawa. Na same su a ƙarƙashin rumfa suna wanke babura, har wasu sun fara ɗaukar fasinja. Na ce ina Jagora, aka nuna mini. Na ce ina ɗana da ka dasa a mararraba kamar dogon yaro? Ya buɗe baki. Wai shi ya ɗauka kana tare da tsoho kuna tahowa a hankali. Dogon nan naka kuma ya ce shi ya ɗauka kun juya gida tare. Kowa ya ɗauka, ba wanda ya waiwaya.

Na ce to sauran da aka tsayar a mararrabun gaba, su wa ya tayar da su, tunda wutsiyar ba ta zo ba? Sai suka kama dariya. Wai ai kowa ya sani, ana jira ne daidai gwargwado, in shiru ta yi yawa mutum ya kama gabansa. Wai waccan maganar ana faɗa wa sababbi ne don kada su yi gaggawa. Ka ji fa. Kai kaɗai ka ɗauke ta da nauyinta.

Jagora dai jikinsa ya yi sanyi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce tsoho ya saba, in babur ɗinsa ya ƙi sai ya sa shi a mota ya koma wurin 'ya'yansa, ya taɓa yin haka. Ya ce in rubuta maka da bakinsa: ya sallame ka, ka taho.

Kan ubanka ne da kai sak. Muna yara wani ya ba shi riƙon akuya a kasuwa ya ce yana zuwa, Yaya ya riƙe igiyar nan har aka share kasuwa, sai da kakanmu ya je da fitila ya taho da shi, da akuyar. Mun yi shekara muna tsokanarsa. Amma shi lokacin ba shi da uwa mai jiran ya aiko mata.

Wata ya mutu jiya. Na je na zauna wa mai burodi a bakin tanda har ya gaji da gani na, ya ce Asabar, daga ita ba ƙari. In ka tashi ranar da takardar nan ta same ka, za ka iso. Na yi iya nawa, Auta. Saura naka.

Goggonka


Goggo,

Na gaishe ki. Lafiyata lau. Takardarki ta zo jiya, na gode da wahalar da kika sha, Allah ya saka.

Na ɗaure kayana. Na duba mai, na duba taya. Na yi sallama da mai shayi, har ya ba ni burodi na hanya. Na tayar da babur na shiga ta hagu, na yi nisa har na daina ganin bishiyar a madubi.

Sai na kasa. Baba ya ce babur inda ido ya je nan yake zuwa, ni kuwa idona yana madubi. Na ga kamar yanzu yana isowa, yana rage gudu, yana duba inda ya kamata ya ga mutum, ba kowa. Na juyo. Mai shayi ya karɓi burodinsa ya mayar cikin kwali.

Na san Jagora ya sallame ni. Amma shi da bakinsa ya ce ko shi ya dawo kada in tashi. Ban san wacce zan ɗauka ba, ta farko ko ta biyu. In ya tabbata Baba yana gida, wa ya gan shi? Ɗauka suka yi, irin wadda suka yi a kaina.

Wataƙila ni wawa ne, Goggo. Na fi zaton haka ne. Kada ki ƙara zuwa bakin tanda saboda ni, kunya nake ji.

Auta


Goggo,

Ina gaishe ki da babbar murya. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ya zo.

Jiya Lahadi bayan azahar, wata ƙaramar motar kaya ta tsaya a gabana, an cika ta da buhunan albasa. Na miƙa hannu hagu kamar kullum. Sai na ji an ce daga saman buhunan, "Kai ne mahaukacin da direbobi ke ba da labari?" Na ɗaga kai. Rawayar rigar tana rataye a kafaɗa ɗaya, hannun dama an ɗaure shi a ƙirji, gefen fuskarsa duk ya kuje. Ya rame.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, gadar ta karye, hagu ake bi."

Ya yi dariya har ya riƙe kafaɗa yana cije baki. Ya ce, "Gadar? Ni na gaya wa Jagora ta karye, tun kafin mu taso."

Goggo, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk tsayuwar nan, ashe ya sani.

Muka sauko da shi ni da direban, mai shayi ya kawo benci. Ashe ranar ruwan nan sarƙar ce ta tsinke ta naɗe taya, ta yar da shi, ƙashin kafaɗa ya karye. Wani manomi ya kai shi ƙaramin asibiti can ciki, nesa da titi, shi ya sa ba direban da ya gan shi. Ɗansa ya zo zai tafi da shi gida, har an ɗora babur a mota. Sai wani direba da ya zo a yi masa allura yake ba ma'aikatan labari, wai akwai wani yaro a mararrabar gada da ya samu taɓin hankali, kowa ya zo sai ya nuna masa hagu. Baba ya ce wace irin hula gare shi? Aka ce ja, ta yi masa yawa. Sai ya ce wa ɗansa, "Tafi da babur ɗin, ni ina da mutum a tsaye."

Na ce Baba ai da ka aiko an gaya mini, da wannan ciwon. Mai shayi ya ce, "Aike? Jagoransu ma ya aiko, ga shi nan kana gani." Baba ya daɗe yana kallo na, irin kallon da yake wa ƙusa. Ya ce tun gashinsa yana baƙi yake wutsiya, in ya makara ya saba iske mararraba ba kowa, har ya daina sa rai. Daga nan ya ce in ɗauko hulata in sa. Na sa. Ya laluba jakarsa da hannun hagu ya ciro sifana. Ƙwas ƙwas. Ya ce, "Tashi, ka yi aiki."

Na gode wa Allah hular tana da gilashi, ba wanda ya ga fuskata.

Na ce to yanzu sai in tsayar masa da motar komawa gida. Ya ce wutsiya ba ta komawa sai ta ga na ƙarshe ya shiga gari, kuma ni ne na ƙarshe. Zai hau bayana. Jakar kayan aikinsa na ɗaure ta a kan tanki. A hankali za mu taho saboda ramuka, in ya gaji mu tsaya, don haka ban san ranar isowarmu ba.

Na san Asabar ta wuce. Ki gaya wa mai burodi na gode, bai yi mini laifi ba. Inna kuma ni zan rubuta mata da kaina. Ban san abin da zan yi a garinku ba. Baba ya ce hannunsa zai daɗe bai riƙe famfo ba, nawa kuma ya ga ba ya gajiya da wuri. Ban gane ko wasa yake ko aikin faci yake yi mini tayi ba.

Abu biyu nake roƙo. Tabarma biyu maimakon ɗaya, in maigidan ya yarda. Na biyu, ban san layinku ba, kuma an ce garin yana da girma. In da hali a sa wani ya riƙa leƙa bakin titi.

Ɗanki,
Auta


Auta,

Muna lafiya. Direba ya ce zai gane ku a hanya, mutum biyu a babur ɗaya da rawayar riga ba sa ɓacewa.

Mai burodi ya ɗauki ɗan ƙanwar matarsa, tun ranar Lahadi yake kai kaya. Na yi kuka kaɗan, na share. Tabarma biyu suna nan, da matashi mai laushi saboda kafaɗar dattijon. Ka gaishe shi, ka ce ina da magana da shi a kan sarƙar da ba ya canjawa.

In kun shigo gari ku miƙe har ku wuce babban asibiti, sai kantin magani mai shuɗiyar ƙofa. Layinmu yana gefensa. Ban sa kowa leƙe ba. Na sa an fito mini da keken ɗinki bakin titi, nan nake aiki tun jiya, ƙura tana ta shiga kayan mutane. Maƙwabta suna tambaya ko lafiya, na ce gado ne, a gidanmu haka muke.

Kada ka yi gudu. Ina nan sai wutsiya ta iso.

Goggonka